Zarghun Khan Bai Samu Ƙetarewa Ba

Daga Allah muke, gare Shi muke komawa. Ranar Talata, tara ga Safar, ka cika da hantsi, Baffa Zarghun Khan, a ƙauyenmu na Zarkot. Wasiyyarka ɗaya ce tal: a kwantar da kai kusa da matarka Shaperai, a maƙabartar kakanninmu.

Kai ka ba mu labarin yadda maƙabartar ta koma cikin wata ƙasa. A al'adarmu, inda aka kashe mutum tsibin duwatsu ake yi, mai wucewa ya ƙara dutse ya yi addu'a. Turawan awon ƙasa suka zo da alfadarai da madubin hangen nesa, suka ga tsibin da aka yi wa ƙanen kakanka a bisa tudu, suka ce ai ga alamar iyakar ƙabilu. Ba su tambayi kowa ba. Suka gina ginshiƙi a kai, suka ja layinsu, suka tafi shan shayi. Wannan shirmen ne yau ake shafa wa farar ƙasa, manya na zuwa daga birni suna ɗaukar hoto, wai kayan tarihi.

Kai kuwa jakinka kake ɗaurewa a jikin ginshiƙin. Da wani jami'i ya yi maka tsawa, ka ce, "Yi haƙuri, ɗana. Shekara ɗari abin nan na tsaye bai tsinana komai ba, bari dai ya samu aikin yi."

Kafin a ja shingen waya a kan iyakar, makiyayi na nan ko na can bai taɓa wuce ƙofarka bai sha koren shayi da burodi mai zafi ba.

Mun ɗauke ka har bakin ƙofar waya. Mai tsaronta, ko tashi daga kujera bai yi ba, ya ce ba a ƙetarewa da gawa sai izini ya zo daga sama. Ɗanka Torialai ya ce, "Ranka ya daɗe, ga kabarin uwata can, kana ganinsa!" Mutumin ya ci gaba da sakace.

Ba mu cika maka wasiyya ba, Baffa, kuma abin yana ci mini rai. A gindin wayar muka yi maka sallah, 'yan'uwanka na can suka jeru daga ɗaya gefen. Sahu ɗaya muka yi, waya ta ratsa shi. Nan muka rufe ka.

Allah Ya gafarta maka, Ya haɗa ka da Shaperai a Aljanna. Ta'aziyyata ga Torialai da sauran iyali, na wannan gefe da na wancan.