Amanar Sadiq a Firij

"Maman Sadiq, ƙullin magani ne?" in ji maƙwabciyata da ta gan ni da leda.

Na ce, "Irin itace ne, wai mapul. Taimaka ki sa min a firij ɗinki, tunda kuna da sola."

Ɗana Sadiq ne ya bar min shi cikin jiƙaƙƙiyar auduga da zai tafi bautar ƙasa. Ya ce sai irin ya sha sanyi wata uku zai tsiro, sannan a raine shi a kasko, ana datsewa kar ya girma. Na yi masa faɗa, domin itace don inuwa ake shuka shi. Amma amana amana ce.

Tun jiya babu wuta a nan Kubwa, audugar har ta yi ɗumi a firij ɗina.

Jama'a, in sanyin ya katse, irin ya mutu ke nan? Me zan ce wa yaron nan?