Jan Tuwon Gwaggo Dije

Duk wanda ya san kasuwar Bodinga a zamanin farar hula ya san Mijinyawa dillalin albasa. Dogo ne siriri, ga baki kamar rediyo. Shi ke bin motar albasa har Ikko, ya dawo da agogo mai ƙyalli da labarai buhu-buhu. A can ne wasu 'yan kwangila da yake zama da su suka koya masa shaƙar hodar iblis. Da farko ji ya yi duniya duk tasa ce, ba barci ba gajiya. Kafin soja su karɓi mulki hodar ta cinye agogon, ta cinye jarin, ta bar shi da ƙasusuwan wuya a waje.

Wani direba ne ya ji tausayinsa, ya sauke shi a Lambara, ƙofar gidan ƙanwar ubansa, Gwaggo Dije. Tsohuwar ta dube shi sama da ƙasa, ta ce, "Mi yas same ka, ɗan nan?"

Bai ɓoye mata komai ba. Ya ce, "Ta hi ƙarhina, Gwaggo."

Ta ce, "To ni ba ta hi ƙarhina ba. Shiga!"

Kwanaki ya yi yana barci kamar an jefar da tsumma. Da barcin ya sake shi sai baƙin ciki ya danne shi, komai ya yi masa salam. Fatarsa sai ka ce tururuwa na yawo a ciki. Zakara ya yi cara, ya bi shi da takalmi. Gwaggo ta sa ɗanta Malami ya kai shi asibiti Sakkwato. Likita ya ce babu allurar da za ta zare abin rana ɗaya: a ba shi abinci, a ba shi aiki, kada a bar shi shi kaɗai, kuma a riƙa dawo da shi.

Wata safiya Gwaggo na tankaɗen garin farar dawa, ta ɗaga kai ta ga Mijinyawa ya ƙura wa faifan ido, hancinsa na rawa, gumi na zubo masa, don garin ya yi masa kama da hodar. Ta kife ƙwarya a kai. Daga ranar ta hana farin gari shiga gidanta. Jar dawa kaɗai ake niƙawa, har maƙwabta suka fara tsiya wai gidan Dije tuwo ma ya sa lalle.

Sai yunwa ta zo. Wai, yunwa! Ya ci tasa malmalar, ya ci ta Malami, ya kankare ƙanzo, ya tambayi ko akwai ɗumame tun kafin tuwon ya kwana. Gwaggo tana zuba masa tana guɗa ƙasa-ƙasa.

Malami ya ja shi fadama ban-ruwan albasa. Dillalin da bai taɓa riƙe jigon ɗiban ruwa ba, ya danna itacen da ƙarfi, guga ya yi sama, shi kuma ya yi ƙasa, tsundum cikin ruwa. Ya miƙe, taɓo har kunne, kwaɗo na tsalle daga aljihunsa. Sai ya ji wani abu ya taso masa daga ciki, abin da ya manta yadda yake. Dariya ce. Ya yi ta har ya sake zama cikin ruwan.

"Malami, babu hoda hwa! Dariyag ga tawa ce!"

Haka ya ruga gari a jiƙe. Ya gai da mai shayi, ya gai da jakin mai shayi, ya durƙusa wa liman sau biyu bai sani ba. Ya faɗa gida ya ɗaga Gwaggo cak, tana dukansa da muciya tana dariya har da hawaye.

Sha'awar hodar ba ta tafi ranar ba. Takan dawo ba sallama, wani lokaci da tsakar rana. In ta zo sai ya ƙwala kira, "Malami, ga ta nan!" Malami ya miƙa masa jigo, su yi ta ɗiba har ta wuce.

Albasar da suka fara cirewa, shi ya kai ta kasuwar Shagari a kan jaki. Bakin nan na rediyo ya dawo daram. Kafin azahar ya sayar da ita tas, har wani Bafulatani da ya zo sayen gishiri ya koma da kwando guda yana mamakin kansa.