Miyar Kukar Gwaggo a Kumasi

Shekarun baya, jim kaɗan bayan na kammala hidimar ƙasa, na tafi hutu Kumasi ta ƙasar Ghana wurin gwaggona, ƙanwar mahaifina, wadda aure ya kai can tun kafin a haife ni. Amma bari in fara daidaita magana ɗaya, don kada a ɗora wa likita abin da bai faɗa ba. Likita bai hana ni nama ba. Abin da ya hana ni shi ne nono da madara da maiƙo da yaji mai yawa, saboda hanjina da ke yawan kumbura. Ni ne na lura cewa duk ranar da na kauce wa nama da kifi da ƙwai cikina kan lafa, sai na bar duk abin da ya fito daga jikin dabba. Na haɗa da tattaki kowace safiya, daga gidanmu a Ƙofar Marusa cikin Katsina zuwa Ƙofar Guga in dawo, har abokina ya raɗa mini suna akuyar birni: ga cin ganye, ga yawo.

Da tafiya ta matso, mahaifiyata ta haɗa mini guzuri a jaka guda: garin kuka, daddawa, busasshen zogale, ƙuli-ƙuli, tsamiya da garin gero na kunu. Sannan ta kira Gwaggo a waya ta ce, "Yaron ba shi da cikakkiyar lafiya, a kula da abincinsa." Iyakar abin da ta faɗa ke nan, domin su biyun ba su cika doguwar magana ba. Akwai wata tsohuwar 'yar tsama a tsakaninsu wadda ban san asalinta ba, kuma ba zan faɗi abin da ban tabbatar ba.

Gwaggo ta tarbe ni a bakin ƙofa tana cewa, "Oyoyo Babana! Ga Babana ya zo!" Sunan kakana aka sa mini, wato mahaifinta, shi ya sa ba ta taɓa kama sunana. Harshenta kuwa Katsinanci ne tsantsa, kamar jiya ta bar gari.

Kowa ya san abin da ake yi wa marar lafiya a gidajenmu. Ban gama wanke ƙafa ba aka dire mini kwanon farfesun kaza, mai yana yawo a samansa, ga fura an dama da nono a gefe. Na gyara zama na shiga bayani. Na bambance mata tumbi da hanji, na kawo abin da likita ya ce da abin da ni na lura, ina yi ina gyara kalmomina. Ta saurare ni har na kai aya, sannan ta ce, "Ikon Allah! To ci kazar tukuna, in ya so ka ƙarasa karatun."

Ban ci ba. Washegari aka yi farfesun kifi, tunda kaza ba ta karɓe ni ba. Aka kawo shinkafa da wake da baƙin yajinsu na can, na tambaya aka ce da busasshen kifi ake haɗa shi. Haka kwanuka suka riƙa shiga ɗakina suna fita a rufe. Ni kuwa ba yunwa nake ji ba: in dama kununa da ruwan zafi, in jiƙa zogale in kwaɗanta da ƙuli, in fita tattakina a hanyoyinsu masu hawa da gangara. Jikina garau. A lissafina, na ci nasarar tafiya.

Wata rana da hantsi Gwaggo ta shigo da kanta riƙe da kwano, ta same ni ina tsakiyar cin kwaɗo. Ta dubi jakar a buɗe, ta dube ni.

"Ashe da guzurinka aka haɗo ka," in ji ta. "Ci abinka, Malam."

Malam! A nan na san ranta ya ɓaci. Na bi ta madafa, na durƙusa na ce, "Gwaggo, ko na yi laifi?"

Ba ta juyo ba. "Mi za ka yi mani? Tambaya guda zan yi maka, ka ji tsoron Allah ka hwaɗa mani gaskiya. Hajiyarku ce ta ce kada ka ci na hannuna? Tsoro take in barbaɗa maka wani abu?"

Sai a lokacin na ga abin yadda ita take ganinsa. An kira ta an ce a kula da abincina, sannan an aiko ni da nawa abincin, ina ci a ɗaki ina mayar mata da nata. A wurinmu, wanda ya ƙi abincin ɗan'uwansa ya ɓoye nasa, ko ƙyama yake ko zargi. In na bar gidan nan a haka, 'yar tsamar da ke tsakaninta da mahaifiyata ta zama gaba, kuma ni ne sila.

Na san ƙarin bayani ba zai yi ba, domin bayanin ne ya kai mu nan. Na koma ɗaki na ɗauko jakar gaba ɗaya na ajiye a gabanta.

"Gwaggo, daga yau ba zan sa komai a bakina ba sai wanda ya fito daga hannunki. Ga kayan. Roƙona kawai, kada nama ko kifi ko man shanu su shiga tukunyar, yaji kuma kaɗan."

Ta kwance ƙullin daddawa ta kai hanci. Ta daɗe ba ta sauke ba.

"Wannan ta gida ce," ta ce a hankali. Ta share ido da gefen mayafi, sai kuma ta harare ni. "Miya ba nama ba man shanu, ai miyar ƙarshen wata ke nan. Kai da digirinka, a kanta ka ƙare?"

Ran nan ta tuƙa tuwon masara mai laushi, ta kaɗa miyar kuka da daddawa da albasa da ɗan man gyaɗa. A kwano ɗaya muka ci, ni na roƙi haka. Tun daga ranar ta ɗauki cikina tamkar aikinta: dafaffen agade, wato babbar ayabar nan ta dafawa, doya da miyar ganye, wake ɗan kaɗan wanda aka jiƙa ya kwana. Tattakin ma ta shiga, ta ce ba za a bar Babanta shi kaɗai yana gantali a garin mutane ba. Mukan tafi kasuwa da ƙafa, ni ɗauke da kwando, ita tana gabatar da ni ga ƙawayenta: "Babana ne daga Katsina. Ba ya cin nama, amma lafiyarsa ƙalau, kada ku tausaya mashi."

Har yau a kan tsarina nake, kuma na yi tafiye-tafiye bayan wannan ba tare da cikina ya tayar mini da hankali ba. Abin da na ƙara sani shi ne, ƙa'idar cin abinci ta mutum ɗaya ce, amma kwano na jama'a ne. Duk gidan da na sauka yanzu, uwar gida nake fara miƙa wa guzurina, bayani ya biyo baya, a taƙaice.

Ana gobe zan taho, Gwaggo ta ce in kira mata mahaifiyata. Na kira, na miƙa mata waya. Suka gaisa, gaisuwa mai tsawo, har da tambayar maƙwabta. Can na ji ta ce, "Hajiya, ɗanki ya ci tuwona har ya suɗe kwano. Sai dai daddawar ta ƙare. Wa za ki ba ya kawo mani wata?"