Bayan Wa Eulogio Yake?

Eulogio Bermúdez ya ƙarar da ƙuruciyarsa a masana'antar sukari da ke bayan garin Matanzas. Da farashin sukari ya faɗi a kasuwar duniya aka rufe ta, sai ya koma bin layi. Layin burodi, layin kaza, layin gas, babu inda ba a san hularsa ta kaba ba. Mutum ne mai sanyin rai, Allah ya ji ƙansa. Ko sauro ya cije shi, cewa yake bawan Allah yunwa ce ta kawo shi.

A garinmu ba a jeruwa. In ka zo sai ka ɗaga murya, "Wa ye na ƙarshe?" Wanda ya amsa shi ne naka, ka riƙe fuskarsa ka je ka nemi inuwa. In ya ɓace maka, wurinka ya tafi.

Matarsa Nereida na fama da hawan jini, ga maganinta ya yanke a kanti. Rediyo ya ce takunkumi ne, maƙwabta suka ce gwamnati ce, mai kantin ta ce jirgin ruwa na hanya. Eulogio bai tsoma baki ba, ya kama mata layi. Kullum da safe yana can, ya duba na gabansa, na bayansa ya duba shi.

Ana haka zazzaɓin sauron nan mai karya gaɓoɓi ya shigo unguwa, ya kayar da shi. Da zai cika, ya riƙe hannun Nereida ya ce, "Odalys, mai jar lema. Kada ki bari ta tafi."

Nereida ta yi kuka, ta kuma cika ta batse. "Duk waken da na dafa wa tsohon nan, da sunan wata zai mutu a baki!"

Ranar jana'iza jama'a suka yi dafifi, har da waɗanda ba ta taɓa gani ba. Wilfredo wanzami na manne da akwatin gawa, wani na manne da Wilfredo, wata na manne da wancan, haka har ƙofar maƙabarta. Zuciyarta ta ɗan yi sanyi, ashe ana son mijinta haka.

Ana gama rufe shi Wilfredo ya cire hula ya matso. "Maƙwabciya, sai haƙuri. Amma don Allah, bayan wa yake?"

"Kai Wilfredo, a bakin kabari? Ba ka da kunya?"

"Ina da ita, magani ne ba ni da shi. Shi nake bi, su kuma ni suke bi. Shi kaɗai ya san na gabansa, ga shi kun binne shi."

Nereida ta dafe ƙirji. "Wayyo Eulogio! Mai jar lema!"

Ta wuce gaba, layin ya biyo ta har ƙofar kantin. Wata tsohuwa ce a kan benci, ba haƙori ko ɗaya, riƙe da jar lema.

Tsohuwar ta ce, "Ina mai hular nan? Ya bar ni ina ta waige kamar ɓarauniya."

"Ya rasu, Iya. Ni ce a bayanki yanzu."

Odalys ta yi alamar gicciye, ta gusa mata. Jirgin bai iso ba har yau, amma wurin Nereida na nan, babu mai ja da ita.