Wannan Ta Fi Kyau

Yayata Majken ta yi shekara talatin da huɗu a kantin maganin garinmu, ba ta taɓa ba wani ƙwayar da ba tasa ba. Ba ta yi aure ba, ba ta iya haƙuri da wawa ba, kuma duk yankinmu babu wanda ya kai ta sanin lemar kwaɗi. Da kaka, in mutane sun tsinko ta a kurmi, sai sun biya Yaya ta duba kwandunansu kafin su ɗora tukunya.

Maƙwabciyarta Tyra marubuciya ce. Da sanyi takan rubuta labaran kisan kai, da bazara kuma na yara. Takan shigo shan kofi ta ce, "Majken, akwai wani attajiri da nake son kashewa kafin Laraba. Me zan ba shi?"

"Ke dai ba kya tsoron Allah," in ji Yaya, tana tura mata biredi mai kirfa. "Ƙato ne ko siriri?"

Mutum goma sha ɗaya suka kashe tare a takarda. Na ƙarshen, da wata lemar kwaɗi mai ruwan ƙasa suka gama da shi, wadda ke tsirowa cikin waɗanda ake ci, sai bayan kwanaki ta lalata ƙodar mutum. Yaya ce ta ɗauki hotonta ta ba Tyra, haɗe da hotunan wasu iri-iri.

Sai suka ɓata. Tyra ta saka wata tsohuwa mai sayar da magani, mai shegen sa ido, a cikin littafi, har da irin tarin Yaya. Gari ya yi ta dariya. Ni ma na yi, Allah ya yafe mini. Shekara biyu Yaya ba ta amsa gaisuwarta ba.

Wata Juma'a da safe muna ɗakin karatu, na miƙa mata sabon littafin yara na Tyra don tsokana. Ta buɗe tana taɓe baki. Can sai ta tsaya cak, ta nuna mini. A shafi na tara an zana lemar kwaɗi mai kisan nan sak a kwandon wata yarinya, an rubuta a ƙasa, "mai daɗin miya".

Ma'aikaciyar wurin ta ce ai 'yan aji biyu suna kurmi da littafin yanzu haka, tare da Tyra, kuma a can za su dafa abin da suka tsinko.

Ban taɓa gudu da mota irin na ranar ba. Yaya da ciwon ƙugunta ta riga ni fita. Tukunya na kan wuta, malamar ajin na riƙe da kwando.

"Ajiye!" Yaya ta daka tsawa. "Wa ya sa wani abu a baki? Ku kalle ni! Wa?"

Yara ashirin suka girgiza kai. Babu ko ɗaya. Ta kife kwandunan a ƙasa, ta tsince masu gubar guda bakwai. 

Ta juya kan Tyra. "Kisan takarda ne bai ishe ki ba? Uban wa ya ce miki ana cin wannan?"

Tyra ta zaro hoton da ta ba mai zanen littafin daga jaka. "Cikin hotunan da kika ba ni na same shi. Ba ni da wadda zan tambaya, tunda kin daina kula ni." Ta juya bayansa. Rubutun Yaya ne, na lokacin da suke neman guba: "Wannan ta fi kyau."

An janye littafin a makon. Tyra ta dawo shan kofi, amma ba su ƙara kashe kowa ba. Yaya ta yi shekara shida bayan nan tana duba kwanduna, kuma har ta rasu ban sake jin kalmar "kyau" a bakinta ba. Ko miyata ta sha, na tambaye ta ko ta yi kyau, sai ta ajiye cokali ta ce, "Ana ci."