Washin Mahauci a Takalmin Razak

A duk shekarun da na yi a shagon nan, ranar da ta ƙi fita daga kaina ita ce wata Talata ta watan Janairu, ranar da aka dire min takalmin Razak a kan tebur ana tuhumata da ɓata shi. Ku da kuka zo daga baya kun sha jin ana cewa Malam Hamisu ne ya yi masa washi shekarar da ya hau dandamalin karɓar lambar yabo a gasar ƙasa. Haka ne, amma ba ni kaɗai na taɓa ƙarfen ba. Tunda na kusa ajiye aiki, gara ku ji yadda aka yi daga bakina.

Bari in fara da bayani saboda wanda bai san aikinmu ba. Filin ƙanƙara ne a nan garin Springfield, inda ake koyon wasan zamiya, ni kuma nake riƙe da injin washi. Ƙarfen da ke ƙarƙashin takalmin ɗan wasa, ido zai ce wuƙa ce, amma ba wuƙa ba ce. Wuƙa baki ɗaya gare ta. Shi kuwa baki biyu ne, na ciki da na waje, da ɗan kwari a tsakaninsu. Idan mutum ya yi tsalle ya juya sau uku ko huɗu a sama, a kan bakin waje na ƙafar dama yake sauka, yana tafiya da baya. In wannan bakin ya tafi, ko waye shi sai ya sha ƙasa. Ni ɗan wanzami ne daga Zariya, tun ina ƙarami nake wasa aska, amma sai da na yi shekara biyu a nan kafin aka yarda in taɓa takalmin ɗan gasa.

Akwai kuma doka ɗaya da ba a karya ta: ba a yin washi dab da gasa. Sabon kaifi cizon ƙanƙara yake yi, ya hana mutum juyawa yadda ya saba. Kwana goma kafin tafiya ake yi, domin kaifin ya ɗan kwanta. Na Razak na yi masa a kan lokaci, ya gwada, ya ce ya yi daidai.

Razak a nan aka haife shi, shekararsa ashirin da biyar a lokacin. Mahaifinsa, Alhaji Yusif, mutumin zangon Kumasi ne, mahauci, yana aiki a wani shagon naman halal a Annandale, nan kusa da mu. Sahu ɗaya muke tsayawa ran Juma'a, shi ya sa yaron yake ce min Kawu. Kowa ya san Alhaji ba ya son wasan. Yakan ce ya haifi namiji ya tura shi makaranta, ya dawo yana rawa a kan ƙanƙara cikin riga mai walƙiya. Shekara goma sha bakwai yaron yana zuwa filin nan, uban bai taɓa wuce wurin ajiye motoci ba. A ƙarshe sun yi magana a tsakaninsu: idan bana bai shiga cikin huɗun da ake ba lambar yabo ba, zai rataye takalmi ya nemi wani aikin. Sau uku yana zuwa gasar ƙasa, bai taɓa kusantar huɗun ba. Wannan ce damarsa ta ƙarshe, kuma duk filin an san haka.

Ran Talatar nan jirginsu zai tashi daga filin jirgin Dulles da yamma. Da safe ya zo gwajin ƙarshe. Ina cikin shago na ji ƙarar faɗuwa, ban kula ba, faɗuwa a nan abincin kullum ce. Na ji ta biyu, na ji ta uku. Sai ga Koci Helen, mai horar da shi, ta shigo da takalmin dama a hannu, Razak na bin ta da safa.

Ta ce, "Hamisu, me ka yi wa ƙarfen nan?"

Na ce, "Abin da na yi masa kwana goma da suka wuce, kina tsaye."

Ta ce, "Jiya lafiya yake sauka. Yau ƙafar zamewa take yi. In ba kai ba, wa ke taɓa ƙarfe a ginin nan?"

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye muku ba. Ni mutum ne mai saurin hawa, kun sani. Amma na haɗiye, na karɓi takalmin na kai shi ƙarƙashin fitila. Da na bi shi da babban yatsa sai na ji ɓarnar da aka yi. Wani ya kwantar da dutsen washi a gefen ƙarfen, ya ja shi a karkace, daga gaba har baya. Ya cinye bakin waje kusan duka, na ciki ma ya taɓa shi. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne kyan aikin. Jan dutsen bai ɗaya yake, babu karkarwa ko ɗaya. Wannan ba hannun mugu ba ne, ba kuma na ɗan koyo ba. Hannun mutumin da ya yi shekara arba'in yana wasa wuƙa ne. Takalmin hagu kuwa ba a taɓa shi ba.

Na ɗaga kai na dubi Razak. Ya sunkuyar da kai yana kallon safarsa.

Helen ta ce abu biyu ne ya rage: ko a ɗaura sabon ƙarfe, ko a janye daga gasar. Sabon ƙarfe kuwa sai mutum ya yi makonni kafin ƙafarsa ta san shi, ga wasan farko ran Juma'a. Na ce mata akwai na uku. Ni ina da al'ada: duk ɗan gasar da nake wa aiki, nakan kwantar da ƙarfensa a kan kwali in zana lanƙwasarsa da fensir, in ajiye. Na Razak yana cikin aljihun tebur. Na ce zan ci ƙarfen a hankali har in wuce inda aka lalata, in dawo da bakin biyu, in bi zanen don kada lanƙwasar ta canza. Sannan in rage na hagu su zo daidai, in kashe musu sabon kaifin da hannu.

Ta ce, "In ka ci da yawa fa? Haƙoran da ke gaban ƙarfen za su riƙa kama ƙanƙara."

Na ce, "In na ci da yawa, kin rasa ƙarfen da dama ya riga ya mutu. Ki ba ni awa uku."

Ta juya ga Razak, don ƙafarsa ce. Ya ce mata da Turanci, "Ki bar Kawu ya yi."

Na rufe shago na rataya allo. Ban taɓa aiki a hankali irin na ranar ba. In wuce da ƙarfen a kan dutsen injin sau ɗaya, in kashe, in goge, in ɗora a kan zanen, in duba. Abin da nake gamawa cikin minti goma sha biyar ya ci min fiye da awa biyu. Gumi nake yi a ɗakin da kullum sai na sa rigar sanyi biyu.

Wajen azahar aka ƙwanƙwasa ƙofa. Na ɗauka Helen ce, har na shirya baƙar magana. Ashe Alhaji Yusif ne, ya zo kai ɗansa filin jirgi, aka ce masa akwai matsala. Ranar ce ya fara taka cikin ginin. Ya yi sallama, muka gaisa, ya tsaya yana kallon takalmin a kan inji. Mutumin da muryarsa ke cika masallaci, da ƙyar nake jin sa.

Ya ce, "Malam Hamisu, ni ne."

Na ce, "Na gane hannun, Alhaji."

Ya ce bayan asuba ya ga jakar a bakin ƙofa. Ya buɗe, ya taɓa ƙarfen, ya ji shi dakusasshe. A sana'arsu, in ji shi, babban abin kunya ne ka bar ɗanka ya fita aiki da wuƙa marar kaifi. Shekara da shekaru bai yi wa yaron komai ba a kan wasan nan, kuma bakinsa ba zai iya furta fatan alheri ba bayan duk abin da ya faɗa. Sai ya ɗauko dutsensa, ya yi bisimilla, ya fara da na dama kamar yadda ake fara kowane abin kirki. Da ya gama ya juya ƙarfen, ya ga kwarin nan a tsakiya, jikinsa ya ba shi cewa ya yi ɓarna. Ya mayar cikin jaka ya tafi shagon nama.

Wallahi na shirya masifa tun safe, na tanadi kalmomi. Da na ga dattijon nan yana murza hularsa a hannu, duk suka gudu. Tausayinsa ya kama ni. Ya roƙe ni kada in gaya wa yaron. Na ce, "Ba zan faɗa ba. Amma tunda ka zo, Alhaji, ba za ka tsaya min a kai hannu rabbana ba. Riƙe min fitilar nan."

Shi ya riƙe min fitila har na gama. Da bakin biyu suka dawo, na ɗauko guntun katako na riƙa jan ƙarafan a kai, ina taɓawa, ina ƙarawa, har kaifin ya kwanta kamar na kwana goma. Razak ya ɗaure takalmi ya shiga fili. Ya zagaya sau biyu, ya ja birki sau da yawa, ya dawo ya ce na dama ya ɗan fi cizo. Na ƙara masa ja huɗu a katako. Ya koma, ya ɗauki gudu, ya tashi, ya juya huɗu, ya sauka a kan ƙafar dama cak. Helen ta daɗe tana kallon ƙanƙara, sannan ta zo ta ce, "Na yi maka kuskure da safe." Na ce mata su yi sauri kada jirgi ya bar su.

Gasar maza kashi biyu ce. Akwai gajeren wasa na ƙasa da minti uku, sai dogon na minti huɗu, a haɗa makin da alƙalai suka bayar. Ran Juma'a ya gama gajeren yana na shida. Ran Lahadi da rana aka kunna babbar talabijin a zauren shiga, iyaye da ma'aikata suka cika wurin. Alhaji ya zo da babbar riga ya zauna kusa da ni. Bai san komai a wasan ba, sai tambaya yake yi. Na ce masa, "Kai dai ka kalli ƙafar dama. In ta tsaya, mun ci."

Sau bakwai Razak ya tashi sama, sau bakwai ƙafar ta tsaya. Ni ban ga rawar ba, ban ji kiɗan ba, ƙarfen kawai nake bi da ido. A tsalle na biyar ya ɗan karkata, na ji Alhaji ya damƙe min gwiwa har sai da ta yi tsami, amma bakin waje ya riƙe. Da ya gama, maki ya ɗora shi a kan gaba, saura mutum biyar da ba su yi nasu wasan ba. Muka zauna muna lissafi. Na farkonsu ya faɗi sau biyu, ya koma bayansa. Na biyu ya wuce shi. Na uku ya zo ƙasa da shi da ɗan kaɗan, kuma a nan zauren ya ɓarke da ihu, domin ko sauran biyun sun wuce, Razak na huɗu ne. Haka kuwa aka yi. Ni da nake cewa ba na kuka a gaban mutane, ranar na ji kunya.

Ba a jima ba wayar Alhaji ta yi ƙara, Razak ne ke kira. Ya miƙo min, ya ce in gaya wa yaron gaskiya, shi ba zai iya ba. Na ce, "A'a. Ƙarfe na gyara maka, wannan kuwa naka ne." Ya buɗe muryar wayar yadda zan ji, ya yi ta kame-kame, sannan ya ce, "Abdurrazak, takalmin nan, ni na ɓata maka."

Yaron ya yi dariya. Ya ce, "Baba, na sani tun ran Talata. Da na buɗe jakar ƙanshin kitsen rago na ji."

Alhaji ya ce, "To me ya hana ka faɗa?"

Ya ce, "Tun ina shekara takwas nake ajiye jakar nan a bakin ƙofa. Ranar ce ka fara buɗe ta. Ta yaya zan kai ƙararka?"

Alhaji ya kifa wayar a cinya, ya ja hularsa ya rufe fuska. Na tashi na ba shi wuri.

Razak ya ƙara shekara uku yana gasa, kuma uban ne ke kawo min takalmin da kansa duk lokacin washi. Yakan zauna a kujerar can yana gyara min riƙon dutse, ni da injina.

To ga abin da nake so ku riƙe. Za a kawo muku ƙarfe a lalace, ku ji kamar ku zagi wanda ya yi. Ku gyara tukuna, bakinku a rufe. A aikin nan na ga ƙarafa da yawa da aka ɓata, kuma kaɗan ne ƙiyayya ta ɓata. Yawancinsu wani ne a gida yake so ya taimaka bai san hanya ba. Idan irin wannan mutumin ya shigo shagonku, kada ku kore shi. Ku ba shi abin da zai riƙe, ya tsaya ya ga yadda ake yi.