Wanda Ya Fi Janar Gudu

Duk wanda ya taɓa kai hula wanki Ƙofar Marusa ya san Sammani. Shi ne dogon nan mai gwame da ke zama gindin bedi, wato darbejiya, huluna jere gabansa bisa katako suna shan rana. Sauran kwanakin mako mai wankin hula ne kamar kowa. Ranar Juma'a kuwa Kwamanda ne, wanda ya kira shi da wani suna sai dai ya yi magana da iska.

Asalin abin tun suna yara ne. Gidansu Sammani na kallon gidansu Zakari, tare suka yi allo, tare suka gama firamare. Shekarar sai ga sojoji sun zo ɗibar yara zuwa makarantar soja ta Zariya. Aka jera su aka ce su yi tsere. In ji Sammani, shi ya zo na ɗaya, har ya zauna ya sha ruwa kafin Zakari ya iso yana haki kamar tunkiyar da aka koro daga gonar mutane. Daga nan wani saje mai gashin baki ya ce kowa ya tuɓe ya haɗe ƙafafu. Zakari ya haɗe. Sammani ya haɗe, gwiwoyi suka gaisa, idon sawu suka ce ba su san juna ba. Sajen ya zura sandarsa tsakani, ta wuce ba ta taɓa komi ba, ya ce, "Yaro, a gaida gida."

Aka tafi da Zakari, aka bar Sammani da labari.

Tun daga nan rayuwarsa ta koma bin lissafin kafaɗar wani. Duk sanda aka ƙara ma Zakari anini, sai an raba waina daga gidansu, kuma kwanon farko gidan Sammani ake kaiwa saboda maƙwabtaka. Yakan ce ba ya cin waina, tana sa shi ƙwarnafi. Matarsa Indo ta ce ita dai ba ta taɓa ganin kwanon ya koma da saura ba. Zakari ya zama Kyaftin, aka tura shi Laberiya, ya dawo da lamba a ƙirji. Ya je Saliyo, ya ƙaro wata. Ya je Darfur yana Kanar. Da rikici ya yi tsanani a Arewa maso gabas shi ya ja runduna, can aka harbe shi a cinya, aka ba shi lambar jarumta. Daga Birgediya ya zama Manjo Janar, takobi da sanda suka hau kafaɗa. Aka kafa hotonsa a zauren gidansu, ƙirji cike da lambobi har ba a ganin aljihu.

Sammani ya shiga zauren nan ya fi a ƙirga, wai neman inuwa. In ya fito sai ya ce, "Rabin abubuwan nan na halartar taro ne. Ka je ka zauna, a ba ka shinkafa, a liƙa maka ƙarfe."

Shi ma bai zauna haka nan ba. Ya shiga 'yan agajin masallacin Juma'a na unguwa, aka ba shi kaki da hula da usur, aka damƙa mashi igiyar da ake tare titi in liman ya hau mumbari. Aikin kam yana yinsa tsakani da Allah, ba mashin ɗin da ke gifta sahu in yana tsaye. Matsalar ƙirjin ce. Duk lambar da Zakari ya samu, sai Sammani ya leƙa wajen tela. Akwai bajon rigakafin shan inna. Akwai na makon tsaftar muhalli. Akwai tagullar da ɗiyarsa ta ciwo a gasar karatu, da wani abu mai zanen gaggafa da ya ɓalle daga jikin tsohon akwati. Shugabannin agaji sun yi mashi magana ya rage. In za a yi taro sai ya cire, ranar Juma'a ya maida. Idan ya taho daga nesa, kafin ka gan shi za ka ji shi, kamar jakin mai tallar kwanoni.

Duk wannan ba shi ke cinsa ba. Abin da ke cinsa tseren nan ne. Yaran da aka yi gudun da su, wasu sun rasu, wasu sun bar gari, ba shaida ko ɗaya. Ga kuma Babaji mahauci, mai tukuba kusa da bedin, wanda ya ɗauki musun labarin nan tamkar sana'a ta biyu.

"Kwamanda, wai da waɗannan ƙafafun ka tsere ma Janar?"

"Da su."

"To ko baya da baya aka yi gudun?"

"Kai mi ka sani? Lokacin kana goye."

"Ina goye, amma ai ina da ido yanzu. Ƙafar dama na neman Daura, ta hagu na neman Jibiya."

Majalisa ta kwashe da dariya, Sammani ya duƙufa kan hular wani yana dirzarta kamar ita ta yi maganar. Abu ɗaya yake roƙo kafin ya bar duniya: Zakari ya faɗa da bakinsa, gaban Babaji, cewa an tsere mashi.

Bana Janar ya yi ritaya. Aka nuna bikin a waya, yana tsaye cikin buɗaɗɗiyar mota, manyan hafsoshi na jan ta da igiya har bakin bariki, kamar yadda suke yi ma manyansu. Sammani ya kalla ya miƙa wayar. "Duk girman nan, motar ma ba ta tashi."

Sai labari ya zo cewa Janar ya dawo gida, kuma Juma'ar nan a unguwa zai yi ta. Indo ta ce tun Laraba kakin ke shan guga, har ta ji tsoron zai huje. Ranar da hantsi ya fito tsakar gida ya ƙame gabanta.

"Ya kika gani?"

"Malam, ka yi kyau. Amma ta akwatin nan ta karkace."

Liman ya hau mumbari, Sammani ya ja igiyarsa ya ɗaure. Sahu ya cika har titi, rana na dukan ƙeya. Can sai ga baƙar mota mai duhun gilashi ta taho a hankali, ta tsaya hancinta na shafar igiyar. Wani soja ya diro, saurayi, ƙirji kamar ƙofa.

"Baba, sauke igiya. Janar ne."

Gwiwoyin Sammani, waɗanda dama ba su da nisa da juna, suka fara tafi. Amma ya ga Babaji a sahun baya ya waiwayo, baki buɗe. Ya ƙara riƙe igiyar.

"An fara huɗuba. Ko wane ne, nan zai aje ta."

Sojan ya matso. Kafin ya yi magana ƙofar baya ta buɗe. Sammani ya shekara yana shirya ma ƙirji mai walƙiya, sai ga wani dattijo cikin farin yadi, ba ko zare a wuya, darduma a hammata, yana ɗingishi da sanda. Ya ce ma sojan ya koma da motar baya. Ya duba Sammani sama da ƙasa, idonsa ya ɗan tsaya kan bajon shan inna.

"Sammani? Kai ne ka tare ni?"

"Doka ce, ranka ya daɗe."

"To ina zan tsaya, Kwamanda?"

Sammani ya nuna mashi inda rana ta fi zafi. Janar ya shimfiɗa dardumarsa nan, tsakanin ɗan acaɓa da mai tallar rake, ya zauna yana miƙe ƙafar da ƙyar.

Ana sallamewa jama'a suka yanyame shi. Babaji ya kutsa har gaba, ya gaishe shi, ya yi mashi barka da sauka da ya iyali da ya gajiya, sannan ya ce, "Yallaɓai, raba mu gardama. Wai mutumin nan ya taɓa tsere maka?"

Janar ya yi dariya har ya dafa sanda. "Tsere? Ai ƙeyarsa kawai na gani. Ina isowa na iske shi zaune yana shan ruwa. Ba don gwiwa ba, da yau ni ke buɗe mashi mota." Ya juya ya ƙame, da ɗingishinsa da komi, ya sara ma Sammani.

Sammani ya rama, lambobi na kaɗawa. Ya waiwaya ya ga ko kowa ya ji. Kowa ya ji.

Bayan la'asar ya zauna gindin bedi da kakinsa, bai ko cire takalmi ba, yana jiran majalisa ta ba shi haƙuri. Majalisa ta cika, amma hirar Janar ake. Wannan ya ce ka ga sauƙin kai, cikin rana ya yi salla. Wancan ya ce ka ga ɗingishin nan, raunin yaƙi ne, har kyau yake mashi. Sammani ya duba nasa ƙafafun da suka shekara sittin suna tafiya a karkace ba wanda ya taɓa cewa sun yi kyau. Ya yi gyaran murya.

"To Babaji, ka dai ji da kunnenka."

Babaji na barbaɗa yaji, bai ɗago ba. "Na ji. Wallahi yau na ƙara ganin girman Janar. Mutum kamar wannan, gaban masallaci, ya yi ƙarya don kawai ya fidda maƙwabcinsa kunya."

Majalisa ta ce ƙwarai, sai ɗan halak.

Sammani ya miƙe tsaye. Ya ce to a sake tseren, gobe, daga nan zuwa hasumiyar Gobarau. Babaji ya ce ai ba laifi, sai dai a rubuta a ƙirjin kakin cewa ya tsere ma mai sanda.

Washegari aka aiko da hulunan Janar daga gidansu, zanna bukar da damanga, a ce ma Kwamanda a wanke su da kyau. Ya wanke su tas, ya sa masu sitati, don Sammani ba ya ha'inci a aiki. Amma da ya zo ɗorawa, sai ya tsallake manyan katakai, ya ɗauko ƙaramin nan da yake sa hulunan yara, ya danna ta farko a kai da hannu biyu.

Indo ta kawo mashi fura ta gani. "Malam, ai ba za ta shige shi ba."

"Na san kan," in ji Sammani. "Tare muka yi aski."